Ɗalibi Ne Ke Riƙe Hannun Ɗan'uwansa Ɗalibi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa ɗalibin jami'a ya gabatar ga matasan Tambuwal da Kebbe masu shirin tafiya karatu Sakkwato.

Bayan salati da sallama, mai jawabin ya fara da tunatar da 'yan'uwa tsarin makarantar allo, inda malam ba ya iya bin kowane almajiri shi kaɗai. Gardi ne ke biya wa kolo, ya gyara masa rubutu, ya tashe shi karatun asuba. Ya ce ko Malam Abdullahi na Gwandu a hannun yayansa Shehu Usmanu ya yi karatu mai yawa, kamar yadda shi da kansa ya ambata a littafinsa Ida'un Nusukh. To me ya sa da an shiga jami'a sai a watsar da wannan gado, kowa ya kama gabansa?

Ya ci gaba da cewa yaro zai ci jarabawar JAMB, ya sami gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ya baro gida kimanin kilomita 100, ya isa Dundaye bai san kowa ba. Malami zai shigo aji cike da ɗaruruwan ɗalibai, ya zuba Turanci, ya fita. Shi kuwa yaron kunya ta hana shi tambaya. Ba wanda ya gaya masa cewa makin shekarar farko yana bin sa har ranar da zai karɓi digiri, ko kuwa kuskure ɗaya wajen rajistar darussa na iya jawo masa ƙarin shekara. Sai sakamako ya fito, a ga ya faɗi darussa uku ko huɗu, wani ma har a sallame shi, alhali mahaifinsa sai da ya sayar da hatsi ko ɗan rago kafin ya biya kuɗin makaranta. Ba daƙiƙi ba ne, in ji shi, mai nuna masa hanya ya rasa.

Don haka ya yi kira ga duk wanda ya kai shekara ta biyu ko ta uku da ya ɗauki sabo ɗaya ko biyu daga garinsu, ya raka shi rajista, ya ara masa littattafai da tsofaffin tambayoyin jarabawa, su riƙa muraja'a tare ko da sau ɗaya a mako. Mai biyawar ma yana ƙaruwa, domin abin da mutum ya koyar da wuya ya manta shi.

Amma ya ja kunne sosai: taimako ba shi ne yi wa yaro aikin gida ba, balle miƙa masa amsa a ɗakin jarabawa. Wannan ha'inci ne, kuma in an kama su, duka biyun na iya rasa karatunsu.

Daga nan aka rubuta sunayen sababbin ɗalibai, aka haɗa kowane da babba daga sashen da zai shiga, sannan aka rufe da addu'a.