Ko Ciwo Ba Ya Warkewa, Jinya Ba Ta Ƙare Ba



Mu ma'aikatan jin daɗin jama'a mun kammala horo kan kula da masu ciwo mai tsanani, kamar kansar da ta yi nisa, ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 masu buƙatar irin wannan kulawa, kusan 14 kaɗai ke samu. Ba ma so majinyatanmu su kasance cikin waɗanda aka bari.

Mu ba likitoci ba ne, ba ma rubuta magani. Amma idan muka shigo gidanku, za mu tambayi majinyaci ƙarfin zafin da yake ji, daga 0 zuwa 10, mu kai wa asibiti bayani, domin akwai maganin rage zogi. Za mu nuna wa mai jinya yadda ake juya wanda ba ya iya tashi duk bayan awa 2, don kada jikinsa ya yi gyambo, da yadda ake jiƙa masa leɓe idan haɗiya ta gagara. In yana da wasiyya, ko damuwa kan 'ya'yansa da katin abincinsu, za mu zauna mu saurara. Sirrinsa amana ne a wurinmu.

Roƙona ɗaya ne: kada kunya ta sa ku ɓoye majinyaci a ɗaki. Ku faɗa wa shugaban unguwarku, ko ku zo ofishinmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.