Ramok Mai Araha: Yadda Ake Zaɓen Amalanken Mota

Jawabi ga manoma da ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Gidimuni

 

Maganar yau a kan ɗaukar kaya ce. Kowa ya san albarkar da Allah ya ba Gidimuni. Ga tafki, ga garake kewaye da shi. Ana samun rake, da rogo, da dabino, da albasa, da tumatir. Ana kuma samun kanwa. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa garin. Ta yamma ta bi Mirya ta shiga Damagaram, tafiyar da ta fi kilomita 60. Ta gabas ta bi Gidigir ta nufi Gure.

Amma noma rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne kai amfanin garka kasuwa kafin ya lalace. Tumatir ba ya jiran mota kwana uku a bakin hanya.

Wanda yake da ƙaramar mota ya san bayanta ba ya cin kaya da yawa. Shi ya sa ake neman ramok, wato amalanke mai ƙafa biyu da ake maƙala wa mota ta ja. Kowa yana son mai araha. To, ga abin da ya kamata a riƙe tun daga farko: ba a sanin arahar ramok ranar da aka saye ta. Sai ta yi shekara tana aiki ake sani.

AMALANKEN JAKI DABAN, NA MOTA DABAN

Dattawa suna tune da yadda amalanke ya yaɗu a karkara. A shekarar 1962 aka kafa hukumar UNCC mai kula da bashi da ƙungiyoyin manoma. A cikin shekarun 1970 da 1980 masana'antun ƙasa sun ƙera garma da amalanke: UCOMA a Damagaram, SEFAMAG a Maradi, ACREMA a Tawa, CDARMA a Doso. Manoma da yawa ta hanyar bashi suka sami amalankensu na farko. Yau masu walda na birni da na ƙauye sun iya ƙera shi.

Saboda haka wani zai ce: ga amalanke a gida, me zai hana a ɗaura shi a bayan mota? Kada a yi haka. Jaki yana yin kamar kilomita 5 a awa guda. Mota tana yin 60 ko fiye. Amalanken jaki ba shi da sifirin, wato lam, mai shanye girgizar hanya. Idan mota ta ja shi ya faɗa rami, sai ya yi tsalle, walda ta tsage, kaya su zube. Ba shi da fitila. Igiya kuma ba ta riƙe shi idan mota ta taka birki, sai ya zo ya doki bayanta.

Kowanne da wurin aikinsa. Ƙasar Gidimuni rairayi ce. Ƙaramar mota mai jan kaya tana kafewa cikin yashi, kulocinta ya ƙone. Amalanken jaki ko na shanu shi zai fito da kaya daga garka zuwa bakin gudron. Daga nan ramok ta ɗauka zuwa kasuwa.

A FARA DA AUNA ƘARFIN MOTA

Kafin a nemi ramok, a san abin da mota take iyawa. A yawancin motocin da suka fito daga Turai akwai ɗan allo na ƙarfe ko na takarda, a gefen ƙofa ko kusa da inji. An rubuta lambobi a kansa. Ta farko ita ce iyakar nauyin mota da kayanta. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota haɗe da abin da take ja. A cire ta farko daga ta biyu. Abin da ya rage shi ne iyakar ramok mai birkin kanta.

Ƙaramar ramok mai araha ba ta da birki. Birkin mota ne yake tsayar da su duka biyu. Don haka akwai ƙa'idodi biyu. Ta ɗaya, yarjejeniyar ƙasashe kan dokokin hanya, wadda aka yi a birnin Biyana a 1968, ta ce ƙaramar ramok ita ce wadda nauyinta da kayanta bai wuce kilo 750 ba. Ta biyu, ramok marar birki kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta.

Ga lissafi. Mota mai nauyin kilo 800, rabinta 400 ne. Idan ramok ba kaya tana da kilo 150, saura 250. Kilo 250 shi ne buhun gero biyu da rabi, in buhu yana cin tiya 40, wato kilo 100. Shi ne buhun taki biyar na kilo 50. Shi ne bido goma na lita 25, domin lita guda ta ruwa kilo guda ce.

Mota mai kilo 1200, rabinta 600 ne. A cire 200 na ramok, saura 400. Buhun gero huɗu ke nan, ko tano biyu na lita 200.

Wanda kayansa suka fi haka kullum, ƙaramar ramok ba za ta ishe shi ba. Gara ya yi hayar kamyo tare da maƙwabtansa.

INA AKE SAMUNTA

Hanya uku ce. Akwai sabuwa da aka ƙera a waje. Tana da kyau, amma da tsada, kuma tayoyinta sukan zama ƙanana masu wuyar samu. Akwai tsohuwa da wani ya yi aiki da ita. Akwai kuma wadda mai walda zai ƙera da kayan matacciyar mota. Ga mutumin karkara, ta ukun nan takan fi sauƙi, domin duk abin da ya lalace a jikinta ana samun irinsa a garaji.

Wanda zai ba da ƙira ya tafi da makanikin da ya amince da shi. Su zaɓi kayan da kansu wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota a Damagaram. Abu na farko shi ne aksul, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu biyu. A nemi na bayan ƙaramar mota mai ja da ƙafafun gaba. Irin wannan ba shi da nauyi. Na bayan motoci irin su Peugeot 404 da 504 yana da ƙarfi, amma yana da nauyi, kuma nauyin yana rage kayan da za a ɗauka.

Babbar dabara ita ce ƙafafun ramok su zama irin na motar da za ta ja ta, girma ɗaya, ramukan noti ɗaya. Ta haka tayar ajiya guda ta ishe su duka.

A yi ciniki a rubuce. A rubuta tsawo da faɗi, da kaurin ƙarfe, da kuɗi, da ranar gamawa. Mai walda ya riƙe takarda, mai kaya ya riƙe takarda. Kada a biya kuɗi duka sai an gwada ta da kaya a kan hanya.

ABUBUWA BAKWAI DA ZA A DUBA

Ko sabuwa ce ko tsohuwa, a duba waɗannan kafin a miƙa kuɗi.

1. Ƙarfen ƙasa. A leƙa ƙarƙashi, a ƙwanƙwasa da guduma. Inda tsatsa ke zubowa ɓawo-ɓawo, ƙarfen ya mutu. Sabon fenti yana ɓoye tsaga, a duba bakin walda sosai.

2. Boris, wanda wasu ke kira rulma. A ɗaga ƙafa a juya ta da hannu. In tana gurnani, ko tana kaɗawa gefe da gefe, boris ya ci.

3. Tayoyi. A jikin taya akwai lambobi huɗu a jere masu nuna lokacin da aka yi ta. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara goma ba abin yarda ba ce, ko da zanenta bai goge ba. Akwai kuma lambar nauyi. Lamba 82 tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 475.

4. Sifirin. A tabbata babu wanda ya karye, kuma gefe guda bai zauna ya bar ɗaya ba.

5. Maƙali. A bayan mota ana ɗaura ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 50. Bakin ramok yana hawa kansa ya kulle. A ɗaura shi da manyan notuna a jikin ƙashin mota, ba a jikin ƙarfen ado na baya ba.

6. Sarƙa. Ban da maƙali, a sa sarƙa biyu masu ƙarfi, a gicciya su ƙarƙashin wuyan ramok. In maƙali ya kuɓuce, su za su riƙe ta.

7. Fitilu. Ramok tana rufe fitilun bayan mota. Dole ta sami nata: jar fitila, da ta birki, da ta nuna kwana. A sa mata kuma jajayen madubai biyu masu kusurwa uku a baya, don a gan ta da dare.

WACE CE TA FI ARAHA

Ga misali na lissafi. Mutum biyu sun sayi ramok rana ɗaya. Na farko ya biya jika 150, yana murna. Na biyu ya biya jika 200, bayan ya duba abubuwan nan bakwai.

Kafin shekara, na farko ya sayi taya biyu jika 40. Ya canza boris jika 15. Ya yi walda jika 10. Ya sa fitilu jika 10. An haɗa jika 75. Ramok ɗinsa ta tashi a jika 225. Ba a ma lissafa ranar da ya kwana a hanyar Mirya da kwandunan tumatir ba. Na biyu giris kawai ya saya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

YADDA AKE LODI DA TUƘI

A sa kaya masu nauyi a ƙasa, a kan aksul da ɗan gabansa. In an raba kaya kashi goma, shida su zauna gaban aksul, huɗu a baya. In nauyi ya koma baya, ramok takan fara wutsiya, ta kaɗa dama da hagu har ta kifar da mota. Idan direba ya ji ta fara haka, kada ya danna birki da ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa daga mai, ya riƙe sitiyari daidai, har gudu ya ragu. Sannan ya tsaya ya gyara lodi.

A ɗaure kaya da igiya mai kyau. A rage gudu, a bar tazara mai yawa, domin mota mai ja ba ta tsayawa da wuri. Bayan kilomita 10 na farko a tsaya a taɓa tsakiyar ƙafa. In ta yi zafin da hannu ba ya iya jurewa, boris yana neman giris ko canji.

Ramok ta kaya ce. Ba a ɗaukar mutum a cikinta, babba ko yaro, ko da tafiyar kusa ce.

Wanda ya ɗauki kanwa ya shimfiɗa leda ko tabarma tukuna. In ya sauke, ya wanke ramok da ruwa, domin kanwa da gishiri suna cin ƙarfe. A sa giris kafin damina da bayanta.

TAKARDU DA HAƊIN KAI

Kafin a hau gudron, mai ramok ya je ofishin sufuri a Damagaram ya tambayi takardun da ake bukata da lambar da za a maƙala mata. Ya gaya wa masu asirans cewa motarsa za ta riƙa ja. Wannan ya fi a ji bayani a bakin jandarma ranar kasuwa.

Ramok ba ta aiki kullum. Mutum huɗu ko biyar masu garake kusa da juna suna iya haɗa kuɗi su mallaki guda. Su buɗe littafi. Duk wanda ya yi sawu da ita ya zuba wani abu cikin asusu, a rubuta rana da suna da kuɗi. Daga asusun za a sayi taya da giris, ba sai an sake bin kowa gida ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya ji wannan jawabi ya kai wa wanda bai zo ba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a garake, ya ba da kasuwa mai kyau. Wassalamu alaikum.