Jinga ko Awa: Ladan Mai Nazarin Alƙaluma



Bahaushe bai taɓa rasa sunan da zai kira haƙƙin gumi ba. Yana da lada, da la'ada ta dillali, da kafin alƙalami na malami, da tukuicin ɗan aike. A gonakin Kaugama da fadamun Kogin Haɗeja kuwa, hanya biyu aka sani ta ɗaukar mai aiki. Ko dai ƙwadago, wato a biya mutum kuɗin yininsa, daga safe zuwa azahar, ko kuma jinga, wato a yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, ya gama yau ko ya gama jibi. Biya bisa awa baƙo ne, tare da agogon Bature ya shigo mana.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, wata sana'a ta ɓullo wa samarinmu, wato nazarin alƙaluma da kwamfuta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta sauya, ga kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022. Hukumomi da ƙungiyoyi na bukatar wanda zai tace musu lissafin gonakin da ruwa ya ci, da buhunan shinkafa da riɗi da aka samu. Sau da yawa wanda ake kira bai da albashi a ko'ina, zaman kansa yake yi. To, nawa zai ce a ba shi a awa?

Mu fara da ma'aikacin gwamnati. Mafi ƙarancin albashi, wanda yake Naira 125 a 1981, ya kai Naira 70,000 a 2024. In an raba wannan da awa 176, wato kwana 22 na awa takwas-takwas, za a sami kusan Naira 400. Kuskuren da yaranmu ke yi shi ne su ɗora farashinsu a kan irin wannan lissafi. Sun manta cewa ma'aikaci bai sayi teburinsa ba, yana da hutu, yana kuma jiran fansho.

Mai zaman kansa shi zai sayi kwamfuta, shi zai biya kuɗin intanet, shi zai zuba mai a janareta, man da ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Bugu da ƙari, ba duk awoyinsa ake biya ba, domin neman aiki da bin bashi suna cin nasu rabo. Alal misali, a ce cefanen gidansa Naira 200,000 ne a wata, kayan aiki 60,000, ajiya don ranar rashi 40,000. Jimla 300,000 ke nan. In awa 100 kaɗai zai iya sayarwa, to awarsa ba ta yi ƙasa da Naira 3,000 ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saura tambaya ɗaya: awa ko jinga? In alƙaluman da aka kawo a hargitse suke, ba a san ƙarshen gyaransu ba, awa ta fi adalci. In kuwa aikin a fayyace yake, jinga ta fi, don kada saurin gwani ya zama asararsa. Amma a rubuta iyakar aikin, a karɓi kafin alƙalami, a kuma tuna cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ku kuma ma'aikata da kuke ba da irin wannan aiki, ku sani araha ba ta ado. Lissafin da aka yi a gurguje don an tauye mai yinsa, da shi za a raba wa manomin Kaugama iri da taki bayan ambaliya.