Ƙasar Gangaren Dutse: Jawabi ga Manoma da Makiyayan Mambila

 

Maganar yau a kan ƙasa ce, watau ƙasar da ke ƙarƙashin kurmi a gangaren dutse. Duk wanda ya taso daga Serti ya bi ta Mayo Selbe ya hau tsaunin Mambila ya ga irin wannan gangare da idonsa. Mota ma da ƙyar take hawa. A gefen hanya ga itatuwa dogaye, ga duhu, ga sanyi. Manomi in ya ga haka sai ya ce a ransa, "Nan kam akwai albarka." To, a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure.

Tsaunin Mambila yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba. Tsawonsa ya kai kimanin mita 1,600 daga bakin teku. A zamanin da, tun kafin a yi mutane a wurin, ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya fito yana malala kamar kunu. Da ya huce sai ya daskare ya zama baƙin dutse mai nauyi. Shi ne ake gani a wajen Nguroje da Mai Samari. Jerin waɗannan duwatsu ya taso ne tun daga Dutsen Kamaru a bakin teku. Shi Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Na Mambila kuwa sun daɗe da mutuwa, ba abin tsoro.

Ruwan sama da rana da saiwar itace su ne suke farfasa wannan dutse a hankali har ya zama ƙasa. Aikin ba ya sauri. Kafin a sami ƙasa mai kaurin ɗan yatsa ɗaya, sai an yi ɗaruruwan shekaru. A saman tsauni, inda wuri yake shimfiɗe, ƙasar tana zama inda aka yi ta. Shi ya sa take da zurfi, har ake noman ganyen shayi a Kakara. Amma a gangare ba haka ba ne. Abin da dutse ya bayar, ruwa yana jan sa ƙasa. Saboda haka ƙasar gangare ba ta tara jiki.

Mai shakka ya ɗauki fartanya ya shiga kurmin gangare ya haƙa rami. Da farko zai sami ruɓaɓɓen ganye mai laushi da ƙanshi. Ƙarƙashinsa akwai baƙar ƙasa gauraye da tsakuwa. Sau da yawa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, sai ya ji fartanya ta yi ƙara. Ya iso dutse ke nan.

Wani zai tambaya, "In ƙasar ba ta da zurfi, yaya manyan itatuwa suke tsayawa a kanta?" Tambaya ce mai kyau. Saiwar itace tana bin tsagar dutse ta riƙe shi gam. Wasu saiwoyin kuma suna bazuwa a sama kamar tabarma, su ɗaure ƙasa da tsakuwa wuri ɗaya. Ganye ya faɗo, ya ruɓe, saiwa ta shanye, itace ya sake yin ganye. Abincin yana zagayawa ne tsakanin itace da ganyensa. Kurmin gangare kamar ɗan tireda yake, wanda duk jarinsa yana kan tebur, babu komai a ajiye a gida. In aka kwashe na kan tebur, shi ke nan.

Ga abin da yake faruwa in an sare kurmin an ƙone. Shekara ta farko masara tana yin kyau ƙwarai, domin toka taki ce. Manomi ya yi murna, maƙwabcinsa ma ya ɗauki gatari. Amma daminar Mambila doguwa ce, daga wajen Afrilu har zuwa Oktoba. Da, ganye ne yake tare ruwan. Yanzu ruwa yana dukan ƙasa kai tsaye, yana gangarawa da gudu ja wur. Wannan jan ruwa ba komai ba ne illa gonar mutum tana tafiya. Bayan 'yan damina kaɗan saiwoyin da suka mutu sun ruɓe, babu mai riƙe ƙasa. Sai a wayi gari tsakuwa ce kawai a gona, wani wuri ma dutse tsirara. In ruwa ya yi yawa, gefen tudu yana iya zubowa gaba ɗaya ya rufe hanya ko gonar na ƙasa.

Asarar ba ta mai gona kaɗai ba ce. Kurmi kamar soso yake. Yana shan ruwa da damina, yana sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Daga nan idanun ruwa suke fitowa. Kogin Donga daga Mambila ya taso, kuma cikin Binuwai yake zubawa. In kurmi ya tafi, rafi yana ambaliya da damina, ya ƙafe da rani. Mata da yara su ne suke fara ji a jikinsu, domin su ne masu zuwa ɗiban ruwa. Makiyayi ma sai ya yi nisa kafin ya shayar da shanunsa.

Ba gatari kaɗai yake cin kurmi ba. Wutar da ake sa wa ciyawa da rani tana lasar bakin daji kowace shekara, tana kashe ƙananan itatuwa. Shanu in sun riƙa bin hanya ɗaya a gangare, kofatonsu yana yanka ƙasa, ruwa ya bi wurin ya zama kwazazzabo. Gandun dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yalwa, yana cikin 'yan kurmin da suka rage. Abin da ya tsare shi har yau, yawancinsa a gangare mai wuyar hawa yake.

To, wane gangare ne ya fi ƙarfin noma? In mutum sai ya dafa ƙasa ko ya kama ciyawa kafin ya hau, ko kuma in an ajiye dutse ya mirgina da kansa, a bar wa kurmi wannan wuri. Ana iya ɗora amya a sha zuma, a ɗebi busasshen itace da magani inda doka ta yarda.

Wanda gonarsa take a gangare mai sauƙi kuwa, ya ja kunya a gicciye, kada ta kalli ƙasa. Manyan duwatsun da ke gonar kada a mirgina su rafi. A jera su layi-layi su tare ƙasa. Mutanen Gwoza da na Sukur sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma a kan dutse da irin wannan gini, har aka sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ƙananan tsakuwa ma kada a tsince su duka, suna rage ƙarfin dukan ruwa.

Domin layi ya zo daidai, a ɗaure sanduna uku kamar harafin A. A rataya igiya da ɗan dutse daga samanta. A tsayar da ita a wuri mai daidai, a yi alama inda igiya ta taɓa sandar tsakiya. A gona, duk inda igiya ta faɗa kan alamar, ƙafafu biyun suna daidai. A kafa turke a nan, a ci gaba.

Tsofaffin manoman Mambila suna shuka magimfa a gonar da ta gaji, su bar ta ta huta. Dabara ce mai kyau, domin magimfa tana mayar wa ƙasa ƙarfi. Itacen turare yana da amfani wajen gini da girki, amma yana shan ruwa da yawa, saboda haka kada a dasa shi a bakin idon ruwa. A watan Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe sarai, mai unguwa da arɗo su tara mutane a share hanyar wuta a zagaye kurmi.

Duk mai niyyar buɗe sabuwar gona a gangare, ya fara haƙa ramin nan, sa'an nan ya nemi malamin gona ko malamin daji su duba tare.