DAMUWAR YARANMU: ABIN DA WANI BINCIKE YA GANO

 

An nemi mu yi magana a kan damuwar da ke cin matasanmu. To, mu dai 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba, amma akwai wani bincike da ya kamata kowane magidanci a zauren nan ya ji labarinsa.

A shekarar 1955 wasu masana halayyar ɗan Adam, waɗanda Emmy Werner ta fi shahara a cikinsu, suka ɗauki sunayen jarirai 698 da aka haifa a tsibirin Kauai, a yankin Hawai na Amurka. Da yawa daga iyayen leburori ne a gonakin rake, jikokin baƙi daga Japan da Filifin, wato mazauna irinmu. Aka riƙa bin yaran nan ana duba halinsu har suka kai shekara 40.

Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin tsananin wahala: talauci, rigimar gida, ko uba mashayi, ko uwa mai taɓin hankali. Cikin waɗannan, biyu bisa uku sun shiga matsala kafin su wuce shekara 18, wasu karatu ya gagara, wasu suka faɗa hannun hukuma. Amma sauran, yara 72, sun tashi lafiya lau, da aikinsu da iyalinsu.

Me ya bambanta su? Ba kuɗi ba ne, jama'a. Babban abin da aka gani shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba guda da ya riƙe shi da gaske: kaka, ko goggo, ko yaya, ko malamin makaranta. Da yawansu kuma an ɗora musu wani aiki a gida, kamar renon ƙanne, suka san ana bukatarsu.

Nan ne maganar ta shafe mu. A gida Arewa, yaro in ransa ya ɓaci sai ya faɗa ɗakin kaka. A nan fa? Kakar tana Kano ko Sakkwato, uba ya fita tun asuba sai bayan isha'i, yaro yana fama da jarrabawa da baƙon harshe da gorin 'yan ajinsu. In ya yi shiru mu ce miskilanci ne, in ya ƙi cin abinci mu ce iskanci.

Binciken ya kuma nuna da yawa daga waɗanda suka lalace suna samari sun dawo hanya bayan sun kai shekara 30, ta dalilin auren kirki, ko komawa karatu, ko riƙon addini. Don haka muna roƙon kwamitin ƙungiya ya rubuta sunayen yaran da iyayensu suka ce sun sallama, a raba wa dattawan unguwa, kowane dattijo ya ɗauki ɗaya, a kawo mana bayani a taro na gaba.