Giwa na da littafinta, san huɗa ko takarda babu



Labarin giwayen da suka riƙa shigowa dajin Baban Rafi daga Najeriya kowa a yankin Maraɗi ya san shi. Mu dai ba mu taɓa sa giwa aiki ba. Amma inda ake sa ta, sun koyi abin da har yau muka ƙi koya game da shanun huɗa da jakunanmu.

A ƙasar Bama, kamfanin katako na gwamnati yana da dubban giwaye masu jan gungume daga daji. Kowace da lambarta da littafinta: ranar haihuwa ko ranar kamu, sunan uwa, ƴaƴan da ta haifa, har dalilin mutuwarta. Tana wajen shekara 5 ake fara horonta, ba a ɗora mata babban aiki sai ta kai 17 ko 18, tana cika 55 a sallame ta. Lokacin zafi hutu ne. Da dare a sake ta ta yi kiwo, mai tsohon ciki kuma a ɗauke mata aiki.

A 2018 masana daga Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan suka fitar da nazarin waɗannan littattafai, giwaye fiye da 5,000, daga 1951 zuwa 2000. Wadda aka kamo a daji aka tanƙwara da ƙarfin tsiya tana riga wadda aka haifa a hannu mutuwa da shekaru. Mutuwar ta fi yawa a shekarar farko bayan kamu, kuma illar takan bi dabbar har kusan shekara goma. Ku duba fa: daji ɗaya, aiki ɗaya, dokar hutu ɗaya. Yadda aka fara da dabbar ne ya raba su. Ba don littafin ba, da wannan magana ta tsaya a gardamar bakin kasuwa.

To mu fa? Ɗan maraƙi bai gama ƙwari ba a huda masa hanci, a zura igiya, a aza karkiya, bulala ta zama malaminsa. Ku tsaya bakin hanyar shiga Maraɗi da hantsi, ku ɗaga akumarin jaki guda. Miki ne ɗanye, an shafe shi da baƙin mai, ƙuda na bi. Mai shi ba mugu ba ne, haka ya ga an yi.

Wasu abokan aikina sun ce tarakta na tafe, a daina ɓata lokaci. Mun daɗe muna jin haka, garma kuwa na nan a wuyan sa. Wasu sun ce talaka ba shi da halin tausayin dabba. Talakan ne ke cin bashi idan sansa ya faɗi a tsakiyar damina.

Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a 2024. Madalla. Sai dai mun tsare jaki daga wuƙa, mun bar shi da miki.

Shawarata uku ce, kuma ba yau na fara faɗinta ba. Ƙungiyar manoman Jiratawa ta buɗe wa kowane san huɗa kati: shekaru, rigakafi, ciwo, ranar fara aiki. A hana sa dabba aiki da tsakar rana a bazara, masu gari su tsaya a kai. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta tura ɗalibanta su zauna da dattawan da suka iya horar da sa da murya da dusa, su kuma riƙa tattara katunan nan kowace kaka. Bayan shekara biyar, wanda ke musu ya zo mu buɗe katunan tare.