Madara Da Ƙurajen Fuska: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Iyaye Da Matasa, Sabo Ibadan

 

Kwamiti ya ɗora mini in yi magana a kan wani zance da ya yaɗu a unguwar nan, wai madara ce take kawo ƙurajen fuska, waɗanda muke kira ƙurajen balaga. Kowa ya san ni ba likita ba ne. Sana'ata sayar da kayan shayi a kan sari, kuma madara ita ce rabin jarina. Da son kai zan bi, sai in ce muku ƙarya ne, ku ci gaba da saye. To amma abin ya kai ga wasu iyaye mata sun fara hana ƙananan yara madara, 'yan mata kuma suna lalata fuskokinsu da shafe-shafe, saboda haka dole a faɗi yadda maganar take. Abin da zan kawo muku daga rubuce-rubucen likitoci ne, waɗanda aka karanta mini aka fassara, na yi ta tambaya har na gane.

Da farko dai, mene ne ƙurjin nan? A jikin fata akwai 'yan ƙananan ƙofofi inda gashi yake fitowa, kowace ƙofa kuma tana da wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo don kada fata ta bushe. Idan yaro ya fara balaga, sinadaran balaga sukan sa maiƙon ya yi yawa. Sai ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar, ƙwayoyin cuta da dama can suna zaune a wurin su samu abinci su hayayyafa, wuri ya kumbura ya yi ruwa. Shi ke nan ƙurji. Ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba alamar yarinya ta lalace ba ce, kamar yadda wasu tsofaffi suke yi wa yara gori. Babban abin da ke gaba a cikinsa gado ne. A 2002 an yi bincike a kan tagwaye mata a Ingila, aka ga kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan abu daga gado yake. Wanda ya yi fama da shi yana saurayi, kada ya yi mamaki in ya gan shi a fuskar ɗansa.

To ina madara ta shigo? Abin da zai ba ku mamaki, wanda ya jagoranci binciken da ya tayar da maganar nan ɗan Nijeriya ne, Farfesa Clement Adebamowo, wanda ya yi karatun likita a Jos, ya yi aikin tiyata a nan asibitin UCH da ke kusa da mu. Shi da abokan aikinsa a Jami'ar Harbad ta Amurka suka fitar da sakamako a 2005. Sun tambayi mata ma'aikatan jinya fiye da 47,000 abin da suke ci suna sha lokacin da suke makarantar sakandare, da kuma ko likita ya taɓa ce musu suna da ƙuraje masu tsanani. Sai aka ga waɗanda suka fi shan madara sun fi samun ƙurajen. Abin da ya fi ɗaure kai, madarar da aka cire wa mai ita ta fi nuna alaƙar, ba mai maiƙon ba. Masu shan kofi biyu ko fiye na irin wannan a rana sun ɗara waɗanda ba su cika shan ta ba da wajen kashi 44 cikin 100. Suka sake bin 'yan mata 6,094 a 2006, da samari 4,273 a 2008, aka sake ganin alaƙar. A 2018 kuma wasu masana a Danmak suka tattara bincike 14 da suka shafi yara da matasa 78,529, suka ce e, alaƙar tana nan, amma ba babba ba ce. A lissafin kasuwa, abin bai wuce inda ake samun mutum huɗu a samu biyar ba.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne mutane suke ɓata zancen. Likitocin nan ba su ce madara ce take haddasa ƙuraje ba. Cewa suka yi an ga abubuwan biyu suna tafiya tare. Mu 'yan kasuwa mun san wannan. Lokacin da goro yake tsada shi ne lokacin da kuɗin mota yake tashi, amma ba goro ne ya tayar da kuɗin mota ba. Kuma yawancin binciken tambaya aka yi wa mutane, wasu ma a kan abin da suka sha shekara goma ko ashirin da suka wuce. In na tambayi Alhazan da ke gaban nan kofi nawa suka sha a watan jiya, wa zai faɗa daidai? Sai dai ba a banza aka yi zargin ba, akwai dalili. Madara Allah ya yi ta ne don ɗan maraƙi ya girma da sauri. In mutum ya sha, takan ɗaga insulin a jini da wani sinadarin girma da ake kira IGF-1, su kuma waɗannan biyun suna zuga jakunkunan maiƙon nan su ƙara aiki. Yaron da dama jikinsa yana tafasa da sinadaran balaga, ƙarin kaɗan yana iya nunawa a fuskarsa. Wani kuma ya sha kwano guda kullum, ko ɗigo ba zai fito masa ba.

Na san wani zai ce, to Fulani fa, da nono ne abincinsu? Duk wanda yake zuwa kara a Akinyele ya san samarin Fulani su ma suna yin ƙuraje, wasu kuma fuskarsu sumul. Sa'an nan binciken da na ambata yawanci a Amurka da Turai aka yi su, a kan madarar da suke sha a kofi. Abin da ya fi kusa da kindirmonmu shi ne yogot, abin da ya fi kusa da wara da matan Fulani suke tallarta a Bodija shi ne cukunsu, kuma a kan waɗannan biyun sakamakon ya rabu, wasu sun ga alaƙa wasu ba su gani ba. Don haka ni a nawa ganin, babu hujjar da za a kama mai fura da nono da ita.

Inda nake so mu duba shi ne teburin mai shayi, kuma ina roƙon abokan cinikina masu shayi su yi mini afuwa. Yawancin madarar gari ta 'yar leda, ku karanta bayanta, madara ce da aka cire wa mai aka mayar mata da man itatuwa. Ita ake zubawa cokali uku, a ƙara sukari, a ƙara Milo ko Bournvita, wani ma ya ce a tsiyaya masa madarar gwangwani mai kauri, wadda kusan rabinta sukari ne. A haɗa da farin burodi rabin sanda. Saurayi ya sha wannan da safe, ya sha da dare, da rana kuma lemon kwalba. To ko da an wanke madara, sukari da farin burodi ba su fita ba, domin su ma suna ɗaga insulin. A 2007 a Ostiraliya an ɗauki samari 43 masu ƙuraje aka raba su biyu, rabi aka rage musu irin wannan abinci mai saurin zama sukari a jini har mako 12, kuma ƙurajensu sun fi na ɗaya rabin raguwa. Wannan gwaji ne aka yi da ido, ba tambaya ba. Haka nan samarin da suke ɗaga ƙarfe suna shan garin ƙara ƙwanji, su sani yawancinsa daga ruwan madara ake yinsa, kuma likitocin fata sun sha ba da rahoton ƙuraje a fuska da gadon baya ga masu shansa.

Abin da ya dace, saurayi ko budurwa da ƙuraje suka dame su, su gwada barin madara da rage sukari na wata biyu zuwa uku. Mako ɗaya ba ya nuna komai. In an ga sauƙi, to an gane jikin mutum ba ya so. In ba a gani ba, a koma a sha, ba laifin madara ba ne. A tsawon lokacin a riƙa cin abin da zai maye gurbinta wajen ƙarfin ƙashi: miyar kuka, zogale, riɗi, awara, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Amma iyayena mata, don Allah, wannan magana ba ta shafi yaro ɗan shekara uku ko biyar ba, ba ta shafi mai ciki ko mai goyo ba. Yaron da bai balaga ba ina shi ina ƙurajen balaga? Hana shi madara cutarwa ce kawai, a zamanin da nama da ƙwai suka fi ƙarfin aljihun talaka.

Wani abin da ya fi madara ɓarna a fuskokin 'ya'yanmu, a kantunanmu yake, shi ne man shafawa na bilicin da 'yan tub ɗin nan da ake saye ba takardar likita. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid, irin su kulobetasol. Kwana biyar na farko fuska ta yi fes, yarinya ta yi murna ta gaya wa ƙawayenta. Bayan wata biyu fata ta yi siriri, ƙuraje su dawo ninki, in ta bari kuma fuska ta yi ta ƙuna. Ga masu lafta basilin da man kitso har goshi, wannan ma tun 1970 likitoci suka rubuta cewa yana toshe ƙofofin fata. Ga masu shafa man goge baki, da lemon tsami, da toka. Ga uwa uba matsa ƙurji da farce. Mu baƙaƙen fata, ƙurji yakan warke a mako guda, amma baƙin tabon da matsa ta bari sai ya yi watanni, wani kuma ya tashi ya yi tudu a haɓa ko ƙirji ya zauna har abada.

A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi, ba tare da dirza da soso ba. A kemis mai rajista akwai man da ake kira benzoyil feroksaid, a nemi mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5, a shafa kaɗan, a yi haƙuri mako shida zuwa takwas kafin a yanke hukunci. A kula, yana koɗar da launin tufafi da rigar matashi. In ƙurajen manya ne masu zafi da suke barin rami, ko kuma mace ce babba da al'adarta take rikicewa gashi yana fito mata a haɓa, wannan ya wuce kemis, sai a je sashen fata na asibiti. Akwai ƙwaya mai ƙarfi da suke bayarwa, aisotiretinoyin, tana aiki ƙwarai, amma tana nakasa jariri a ciki. Amaryar da ake shirin kai wa ɗaki kada ta kuskura ta karɓe ta daga hannun ƙawa ko mai talla, sai likita ya gan ta ya san halin da take ciki.

Shugaban taro ya ɗaga mini hannu, lokaci ya cika. Mai tambaya a kan karanta bayan leda ko gwangwani ya same ni bayan an tashi, na zo da samfuri kala huɗu.